Kadan Da Na Kira Kawun Jikana

Sallama a gare ku ma'aikatan wannan mujalla, da duk wanda idonsa zai kai kan maganata. Ni tsohuwa ce, ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Matar ɗana ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana sawa a takarda, na kuma roƙe ta ta bar maganar yadda ta fito daga bakina, ko da wurin da bai yi mini kyau ba.

Lokacin da abin nan ya faru, ni baƙuwa ce a Riyad. Maigidana Malam ya rasu a ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi, na fita takaba, sai ɗana da ke tuƙa motar ruwa a nan ya yi ta fafutuka har ya samo mini takardar zama. Aka kawo ni unguwar Gubaira, wani gida mai ɗaki biyu a bayan masu gyaran mota. Ni da na saba da tsakar gida da kaji da maƙwabciya mai leƙowa ta kan danga, sai ga ni a rufe, na'urar sanyi na gurnani a kaina dare da rana. Amma duk wannan ban ɗauke shi komai ba, domin abu ɗaya ya kawo ni: jikana namiji, wanda aka haifa a nan, ban taɓa riƙe shi ba sai a hoto. Na zo da guzurin wasan kaka da jika cike da baki. Ranar farko na tare shi na ce maraba da angona, ina kuɗin cefane, ko haka ake aure a garinku? Yaron ya ɓuya bayan uwarsa, ya tambaye ta da Larabci me tsohuwar nan take so. Jadda yake kirana, wato kaka a bakinsu, shi ma sai an ce masa ya gaishe ni. Hausarsa ba ta wuce "zo" da "ruwa" da "ba na so" ba. Na yi dariya a gabansu, amma Allah ya sani abin ya sauka mini a ƙirji. Jinina ne, ga shi ina iya miƙa hannu in taɓa shi, amma tsakanina da shi akwai tafiya.

Na gwada masa tatsuniyar kura da zomo, bai ɗago kai daga waya ba. Na yi masa waƙar daka, ya toshe kunne. Sai wata rana yana kallon namun daji a wayar, na hango kada kwance a bakin ruwa, na ce a'a, ga ɗan gidanmu. Uwarsa ta fassara masa. A karon farko yaron nan ya juyo ya dube ni ido cikin ido, ya matso.

Gaskiya ne akwai babban tafki a bayan ƙauyenmu, da kadoji a ciki. Mun taso mun iske ana cewa kakan kakanmu ya ƙulla amana da su, don haka ba sa taɓa jinin gidanmu, mu ma ba ma cin namansu. Idan an yi haihuwa a kan kai musu kaza. Malamai sun daɗe da hana wannan, sun ce ragowar duhun kai ne, ni ma da bakina na yi istigfari a kansa ba sau ɗaya ba. Amma da na ga idon yaron nan ya buɗe, sai na buɗe tsohuwar ƙwarya. Na ba shi labarin babban kadan da muke kira kawu, yadda yake shanya baya a rana muna wanki kusa da shi. Da ya nemi ƙari na ƙara. Na ce muna shafa bayansa, alhali ban taɓa ba. Na ce idan ɗan gida ya yi masa kirari ya miƙa masa nama, a hankali yake karɓa kamar tsohon da ba shi da haƙori. Na koya masa kirarin: mai gidan ruwa, kana kwance kana mulki, kawu na gaishe ka. Kullum bayan sallar magariba yana kan tabarmata, kansa a cinyata. Hausa ta fara tsirowa a bakinsa. Har ya iya rama wasa, in na ce ina cefane sai ya ce amarya ba haƙori ba a yi mata cefane. Ya tambaye ni ko shi ma jinin gidan ne, na ce ƙwarai kuwa, kai ne ma na gaba. Ya tambaye ni ko gaske ne, na ce gaske ne.

Da sanyi ya shigo, lokacin da mutanen garin nan suke fita shan iska, ubansa ya sami hutun Juma'a ya ce zai kai mu wani wurin wasa na yara, mai lilo da ƙaramin jirgin ƙasa da ɓangaren dabbobi. Muka isa bayan la'asar. Na ga macizai cikin akwatunan gilashi, wani kaurinsa ya kai turmi, na ja mayafina na wuce ina neman tsari. Daga nan muka hau wata gada ta katako da aka gitta a kan ruwa, an kange gefenta da sandunan ƙarfe. A ƙasa ga su nan, kwance kamar busassun itace. Akwai allo mai jan rubutu a jikin ƙarfen, ni dai ado na ɗauke shi. Yaron ya matse mini hannu, ya ce Kaka, kawu ne? A ranar ya fara ce mini Kaka. Daɗin wannan kalma ya rufe mini ido, na nuna masa mafi girma a cikinsu na ce ga shi can, ya biyo mu har ƙasar Larabawa.

Ubansa ya tafi neman wurin da ake sayar da ruwan sha, ƙanwarsa jaririya kuma da ke hannun uwarsa ta ɓata jikinta, sai uwar ta ce Inna ki riƙe mini shi, yanzu zan dawo. Na ce je ki abinki, ai mijina ne, ina zai je ya bar ni. Tana juya baya na ji wata mata mai shara a kan gadar tana yi wa kanta mita da Hausa. Na yi mata sallama, ashe 'yar Damagaram ce. Wanda bai yi zaman baƙunta ba ba zai san yadda harshen gida ke jan mutum ba. Muka shiga gaisuwa, ina ruwa ina gero bana, wa kika sani wa na sani. Ban san sa'ad da hannunsa ya zame daga nawa ba.

Muryarsa ce ta juyo da ni. Akwai wurin da sandunan suka ɗan buɗe a ƙarshen gadar, ya matsa jikinsa ya fita, yana tsugune a kan ɗan katakon da ya rage a waje, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗayan ya miƙa shi ƙasa da cinyar kazar da aka saya masa. Yana kirari. Mai gidan ruwa, kana kwance kana mulki. Hausa tsantsa, babu gargada, kamar a bakin tafkinmu aka yanke masa cibiya. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau da matar ɗana ke rubuta shi: kafin tsoro ya zo mini, alfahari ne ya fara zuwa. Ƙiftawar ido ne, amma ya zo. Sannan na ga itacen nan ya motsa, ruwa ya tsage a gabansa ba ƙara ba fantsama.

Ban san da wace ƙafa na isa ba, ni da sai an kama ni nake tashi daga tabarma. Na zura hannu ta tsakanin ƙarfe na damƙi wuyan jallabiyarsa na fizgo shi sama. A daidai nan dabbar ta taso daga ruwa, bakinta ya rufe da wata ƙara kamar an buga ƙyauren ƙarfe. Ta sami gefen jallabiyar da takalmi ɗaya. Muka yi ja, ni da ita, yaron a tsakiya, sai Allah ya sa yadin ya yage. Matar Damagaram ta yar da tsintsiya ta kama ƙugunsa, wani mai gadi ya zo a guje suka ɗago shi ta sama. Ƙarfen ya tsaga masa hannu daga gwiwa zuwa kusa da wuyan hannu, jini ya ɓata mini abaya. Bai yi kuka ba da farko. Ni yake kallo kawai.

A asibiti aka ɗinke hannun. Likita ya tambaye shi me ya kai shi, ya amsa da Larabci, na ga fuskar uwarsa ta sauya. Ta juyo ta ce Inna, ke kika ce masa kawunsa ne? Na ce ni ce. Ta juya mini baya tana shafa kansa. Masu wurin wasan suka tsare ubansa da tambayoyi har da 'yan sanda, mutumin da zamansa a ƙasar nan yake rataye da takarda da yardar mai gidansa. Ya dawo gida bai ce mini komai ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Bayan kwanaki sai na ji yana ce wa uwar yaran wataƙila zaman Riyad bai karɓi Inna ba, ko a mayar da ita gida ta huta.

Wannan ma bai kai ciwon yaron ba. Ya daina hawa tabarmata. Hausar da ta tsiro ta koma ƙasa. In na shigo ɗaki sai ya fita. Wata rana na miƙa masa dabino na ce angona fushi ake yi da amarya, sai ya ture hannuna ya faɗi wata kalma da Larabci. Ubansa ya zabura zai mare shi, na tare. Na ce a faɗa mini abin da ya ce. Da ƙyar uwarsa ta ce wai maƙaryaciya. Na ce to ku bar shi, a gidan nan yau shi kaɗai ya faɗi abin da yake.

Washegari na roƙi uwarsa ta zauna tsakaninmu ta fassara, kada kalma ɗaya ta faɗi ƙasa. Ya tsaya a bakin ƙofa da hannunsa a naɗe. Na ce masa akwai abin da na cire daga labarin kawu. Ina yarinya ina da 'yar baffa, tare muke kwana tare muke ɗiban ruwa. Wata safiya ta shiga tafki zuwa gwiwa tana cika tulu, ina tsaye a bayanta, kada ya ɗauke ta. Tulun ne kawai ya dawo. Manya kuwa, don kada a ce amanar kakanni ƙarya ce, sai suka ce yarinyar ba jinin gida ba ce. Suka ɗora wa uwarta abin da ba ta yi ba, ta bar garin da baƙin ciki biyu. Aka hana mu ambaton yarinyar. Ni da na gani da idona na bi su na yi shiru, har na tsufa na ɗauko ƙaryar nan na ba shi, don kawai ya zauna kusa da ni. Na ce kada ba shi da ɗan'uwa, yunwa ce kawai da shi. Na ce ya yafe mini.

Sannan ya tambayi uwarsa wani abu, ta ce wai kin yi kuka a lokacin? Na ce an hana mu. Ya zo ya zauna, ba a cinyata ba, a gefen tabarma. Daga nan muka sake farawa, a hankali. Matar ɗana ce da kanta ta ce wa mijinta a bar maganar mayar da ni. Allah ya saka mata da Aljanna, ta yi mini abin da ban cancanta ba.

Don haka nake kira ga iyaye da kakanni, musamman irina da aka ɗauko daga ƙauye aka kawo birni. Wuraren wasan nan da ake ajiye kadoji da macizai, fitilu da kiɗa da alawa suna sa mutum ya ɗauka dabbobin ma wasa suke yi. Ƙarfen da aka kafa ba don ado ba ne. In ba ki iya karanta allo ba, ki tambaya. In an ba ki hannun yaro, ko uwarki ce ta taso daga kabari tana gaishe ki, kada ki saki. Sannan ki ji tsoron bakinki. Yaro ba ya tace magana, abin da kaka ta rantse a kai a wurinsa ya zauna. In za ki ba jikanki labarin gida, ki ba shi har da wurin da aka yi kuka, kada son ya so ki ya sa ki yanke.

Tabon yana nan a hannunsa, zai girma da shi. Kwanan baya muna zaune ya tambaye ni, da Hausa, yaya sunan yarinyar tafki. Na faɗa masa. Ya maimaita har ya zauna masa a baki, ya ce zai riƙa sa ta a addu'a bayan salla. Tun ranar da ruwa ya rufe a kanta ban ƙara jin sunan nan a bakin wani mahaluki ba, sai a bakinsa.