Halimat Ta Mayar wa Hukuma Ruwanta

Halimat mai waina ta zo Libreville daga Tasawa da tanda ɗaya, miji ɗaya, da bakin da zai ishi mata goma. Mijin, Mohamadou direban taksi, ya yi shekara ashirin yana sauraro har Allah ya hutar da kunnensa. Tandar ta fashe an sake wata. Bakin ne dai ko tsatsa bai yi ba.

Gidanta na can gangaren unguwar PK8, a bakin wani ƙaton lambatu. Bara ta aza katako biyu a kansa don masu sayen waina su riƙa tsallakowa. Ma'aikatan hukuma suka zo suka ɓamɓare, suka bar mata takarda mai hatimi: lambatu na hukuma ne, da shi da abin da ke cikinsa, kada wanda ya taɓa. Ba ta jin Faransanci, amma ta sa aka fassara mata har sau uku, ta ninke ta jefa a adaka.

To, mai shi bai yashe ba, wanda zai yashe an hana shi. Robobi da yashi suka toshe shi tam. Ruwan Nuwamba na saukowa, sai ga baƙo har ɗaki ba sallama, iya gwiwa. Katifa ta sha ta ƙoshi, shinkafar waina ta kumbura a buhu, bangon baya ya tsage. Ruwan sama ɗaya ya rage bangon ya kwanta.

A ofishin hukumar ta tarar da Abdoul, ɗan maƙwabciyarta, haifaffen nan, yanzu har da sanƙo da tebur nasa.

"Gwaggo, sai haƙuri. Wannan ikon Allah ne."

"Na sama na Allah ne, ban musa ba. Na ƙasan fa, ɗan nan?"

"Ki rubuto koke, za a duba."

"Za a duba. Da kana zawo a zanena haka na ce wa uwarka?"

Ran Litinin da hantsi taksi ya sauke ta a ƙofar ofishin da jarkokin aro shida cike da baƙin ruwan ɗakinta. Ta jera su gaban teburin Abdoul, ta kwance murafe, ta ɗaga murya irin ta masu cigiya:

"Jama'a, na yi tsintuwa! Wa ya ɓatar da ruwa?"

Wari ya fito da shugaban ofis, hanci a toshe. Ta miƙa masa takardarsa.

"Gaya masa, Abdoul. A garinmu in akuyar maƙwabci ta shigo gidanka, ba ka yankawa, mayarwa kake. Takarda ta ce lambatu da abin cikinsa nasu ne. Ni ba na cin haram. Ga kayansu, saura na gida, kullum zan kawo shida har ya ƙare."

"Gwaggo, don Allah rufa min asiri."

"Da me? Zanen ma ya jiƙe."

Ta kawo ran Talata, ta kawo ran Laraba. Ran Alhamis sai ga mutane da shebur da baro, suka wuni suna yasa, ita kuwa tana zaune bakin tanda tana nuna musu inda suka tsallake.

Jarkokin ta wanke biyar ta mayar wa masu su. Ɗaya tana nan a bayan ƙofa, cike, ko da mai lambatu zai sake mantuwa.