Asirin da Na Rufa wa Maigidana a Gidajen Abincin Kano

Assalamu alaikum. Edita, ina roƙon ka ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana cina. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har nawa.

A lokacin da abin nan ya faro, ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal na noman rani ke ratsawa ta bayan gidajenmu. Da yamma ina koyar da ƙananan yara a Islamiyya, sauran yinin kuwa na gida ne. Maigidana manomin shinkafa ne, rani da damina, yana kuma da ƙaramin injin casa. Idan ya gyara shinkafarsa, shi da kansa yake lodawa a mota ya kai wa masu gidajen abinci a cikin Kano. Mutum ne mai fara'a, mai son ci, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Ni kuwa har zuwa wannan lokacin ban taɓa taka gidan abinci ba, iyakacina in hango su ta tagar mota.

Wata shekara sai ya fara ramewa, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari. Muka je asibiti aka ce ciwon suga ne. Likita ya ce ya rage shinkafa ƙwarai, ya bar lemo da kayan zaƙi da maiƙo. Ka ji fa, manomin shinkafa aka ce wa haka. Na ɗaura ɗamara na canja girkin gidan gaba ɗaya. Yau tuwon alkama, gobe faten acha, jibi kwaɗon zogale da wake. Har yara na mayar da su kan wannan cimar don kada ya ji ƙamshi ransa ya biya. Suna kuka ina lallashi. Amma duk safiyar da muka gwada jininsa da 'yar na'urar awon suga, sai mu tarar sugan yana sama. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina cikin wanki zan tsame hannu in koma madafa in tsaya ina kallon tukwane, ina tunanin me na zuba wanda bai kamata ba. Surukata, mahaifiyarsa, wadda sashenta ke jikin namu, ta fara shigowa tana buɗe miya tana ɗanɗanawa. Wata rana ta tambaye ni ko dai hannuna ne yake zarcewa. Daga nan yayyensa mata suka ɗauka, har a gidan biki aka riƙa cewa matarsa ba ta iya jinya ba.

Gaskiya ta fito ne ranar da muka koma ganin likita. Jikinsa ba ƙarfi, don haka ƙaninsa ya tuƙa mu. Mun fito bayan azahar duk yunwa ta kama mu, sai ƙanin, wanda bai san dawan garin ba, ya ce bari ya kai mu wurin da Yaya ya fi so. Maigidan ya yi wuf ya ce a wuce gida, amma kafin ya rufe baki an riga an shiga harabar. Wani katafaren wuri ne mai ƙofar gilashi, sanyi na dukan mutum tun daga bakin ƙofa, tebura an shimfiɗa musu farin ƙyalle, an jera cokula kamar na kanti. Ban gama gyara mayafi ba mai kawo abinci ya ƙaraso da murmushinsa.

"Alhaji, barka da zuwa! Kwana biyu. Na kullum za a kawo?"

Maigidan ya sunkuyar da kai yana danna waya. Mutumin ya ɗauka amsa ce. Jim kaɗan sai ga soyayyiyar shinkafa tsibi guda, da rabin kaza, da lemon kwalba mai raɓa, da yankan kek a gefe. Na dubi farantin, na dubi mijina.

Da muka koma gida ya ja ni ɗaki ya zayyane mini komai. Ya ce ba wurin nan kaɗai ba ne. Duk inda ya sauke shinkafa sai an zuba masa ya ɗanɗana kayansa, tun daga manyan wurare har rumfunan bakin titi. Nan mai sakwara da miyar agushi, can mai gurasa bandashe, gaba mai shawarma. Da farko kunyar ƙin karɓa yake ji, daga baya shi da kansa yake neman dalilin shiga gari. Ya ce tun ranar da likita ya yi masa maganar nan yake jin kamar duniya tana ƙuntace masa, kuma sai ya zauna a teburin nan ne kawai yake mantawa shi majinyaci ne. Idanunsa suka ciko, ya ce, "Ki rufa mini asiri, don Allah kada Inna ta ji." Tausayinsa ya kama ni, na yi masa alkawari.

Nan ne na yi dabarar da ta zame mana masifa. Na ce tunda ba zan iya ɗaure shi a gida ba, zan riƙa binsa in sa ido a kan abin da yake ci. A gida sai mu ce asibiti za mu. Zuwan farko na sa aka kawo masa gasasshen kifi da ganye, ya ci yana yatsina fuska. Zuwa na gaba ya miƙo cokali cikin farantina ya ce ɗan taɓawa kawai, na yi dariya na ƙyale shi. A haka cokali ya zama rabin faranti, rabin faranti ya zama nasa na kansa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ni ma wurin ya shiga raina. Tunda aka kawo ni gidan miji ni ce mai tsugunawa gaban murhu, ni ce mai rabo, ni ce ta ƙarshen ci. Sai ga ni a zaune ana kawo mini, ana tambayata ko in ƙara, ba yaron da ke jan zanina. Na fara ɗokin ranar kai kaya. Ina gaban ɗalibai suna biya karatu, zuciyata tana can kan hanyar Kano. In mun dawo kuma sai nadama ta rufe ni, in rasa wurin zama, in ɗora masa zogale kamar shi zai wanke abin da muka ci. Da muka koma asibiti, likita ya dube ni ya tambaya ko yana kiyaye doka. Maigidan ya zuba mini ido. Na ce yana kiyayewa. Likitan ya girgiza kai cikin mamaki, ya ƙara masa magani.

Lokacin dashe ya zo. Maigidan ya shiga cikin ruwan gona ba takalmi don ya nuna wa ma'aikata tazarar da yake so, wani abu ya yanke shi a ƙasan babban yatsa. Bai ma ji ba sai da ya ga jini. Muka wanke muka ɗaure, muka ce ƙaramin abu ne. Ciwon ya ƙi warkewa. Ƙafa ta kumbura, yatsa ya yi baƙi, wari ya fara fita, zazzaɓi ya rufe shi. Ko da muka kai shi asibiti, aka ce ba makawa sai an yanke. Sun cire masa yatsu uku da wani sashe na tafin ƙafar. Ina tsaye a baranda, in je can in dawo nan, na kasa zama, na kasa kuka.

Da likitan ya fito ya ce sugan ya daɗe a sama shi ya hana ciwon warkewa, kuma shi ya rasa gane dalili, ga magani ga kiyaye abinci. Surukata tana gefena. A nan bakina ya buɗe, na faɗi komai, har da ƙaryar da na yi wa likitan. Inna ta juyo ta dube ni. Can ta ce, "Zargin da na yi wa girkinki, na ɗauki alhakinki, ki yafe mini. Amma wannan shirun naki, 'yar nan, ban san inda zan ajiye shi ba."

Yau maigidan yana tafiya da sanda. Ƙaninsa ke kai kaya birni, shi kuwa sai a ajiye masa kujera a bakin gona yana nuni daga nesa, mutumin da a da ba ya minti biyu a zaune. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, kullum cewa yake shi ya jawo wa kansa. Inna ma ta sauko, muna zaune lafiya. Ni ce dai har yanzu in na ji ƙarar sandarsa a tsakar gida sai gabana ya faɗi.

Ban ga laifin masu gidajen abinci ba, sana'arsu suke yi, kuma ba su san abin da ke jininsa ba. Ni na sani. Na ɗauka rufin asiri nake yi, na ɗauka tausayi ne, ashe tsoron ɓacin ransa ne da kuma kwaɗayin kaina. 'Yan'uwana mata, da maza ma, duk wanda Allah ya ɗora wa jinyar wani, in ka ga yana cin abin da zai cutar da shi, ka faɗa wa likita, ka faɗa wa wanda yake jin maganarsa, ko da majinyacin ya haɗa ka da Allah. Da na yi magana tun ranar farko, da ya yi fushi ya huce. Yatsun nan kuwa ba za su dawo ba.