Kwana Ukun da Rigar Ishaya ta Bushe

Shekara biyar ke nan da rasuwar Ishaya Nomau, wanda muka yi haya tare a wani ɗan ƙaramin gida a unguwar Glenwood ta birnin Greensboro. Na san wasu za su yi tsaki in suka ji abin da zan tuna shi da shi, to su yi haƙuri. Ni Musulmi ne, giya ba ta taɓa shiga bakina ba, amma babu yadda zan ba da labarin Ishaya ban ambace ta ba.

Bamaguje ne daga wajen Malumfashi, Kirista, yana karatun kimiyyar abinci a jami'a, ni kuwa ina ɗaukar kaya a wani sito a titin Wendover. Liman yake ce mini don tsokana, ni kuma in ce masa ɗan mai burkutu, ya yi dariya har da buga ƙafa, don gaskiya ce. Da tukunyar burkutu mahaifiyarsa ta raine su.

Burinsa shi ne ya dafa farar giya irin ta kwalba, wadda ake kira laga, ba tare da firji ba. Yis ɗinta sanyi yake so na makonni, in zafi ya taɓa shi sai ta ɓaci. Na ce masa wanda ba shi da gashin wance ai ba ya kitson wance. Ya ce, "Liman, da wace wutar lantarki randar kakarka take sanyaya ruwa?" Sai ya dasa bokitin giyar a cikin baho mai ruwa, ya sa masa tsohuwar rigarsa jiƙaƙƙiya, ya kunna fanka. Safe da yamma yana jiƙa rigar, ya duba ma'aunin zafi, ya rubuta lambar a wani littafi. Cewa yake in dabarar ta ci, mata irin mahaifiyarsa za su amfana a ƙauyen da ko sandar wuta babu.

Ana tsakiyar bazara ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti. Abu ɗaya ya roƙe ni: kada in bar rigar ta bushe. Na amsa. Kwana tara ina jiƙawa kafin in kama bas, in dawo in sake, in je in gaya masa lambar, ya rubuta da hannunsa.

Ran na goma wani dattijon masallacinmu, mutumin Maraɗi, ya zo gaishe ni ya tarar da ni durƙushe gaban bahon. Bai yi mini faɗa ba. A hankali ya ce, "Ɗana, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mai dafawa da mai taya shi hukuncinsu ɗaya." Ban ga laifinsa ba, abin da ya sani ya faɗa, ni ma na san shi. Gaba kura, baya sayaki. Na kashe fanka, na ja ƙofar ɗakin.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma da na je asibiti Ishaya ya ce, "Nawa ne yau?" sai na ji bakina ya ce sittin da biyu, alhali ma'aunin ya doshi tamanin. Ya yi murmushi ya rubuta. Kwana uku ina maimaita wannan ƙarya, a na huɗu ya cika. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Bayan jana'iza mutanen cocinsu suka kwashe kayansa. Wani abokin karatunsa ya ɗanɗana abin da ke cikin bokitin, ya yamutsa fuska, ya buɗe littafin ya ga lambobi lafiya lau. Ya ce, "Kash, ashe dabarar ba ta ci ba." Ina tsaye a wurin, na bar shi a kan haka.

Yanzu a Greensboro har shagon kayan dafa giya akwai, da ƙananan firji masu daidaita sanyi da kansu. Da Ishaya zai leƙo, na san abin da zai ce: duk sun yi kyau, amma a kai su ƙauyensu a ga inda za a jona. Ni kuma zai same ni da mata da 'ya'ya biyu masu amsa Hausata da Turanci, ya yi ta yi mini tsiya.

Har gobe ban ce giya halal ce ba, shi ma bai taɓa neman in ce ba. Shekara huɗu muna cin tuwo a kwano ɗaya, ko sau ɗaya bai sa kwalba a inda nake ajiye abincina ba, kuma in azumi ya zo shi ke riga ni tuna lokacin buɗa baki. Da na ce masa, "Ishaya, ba zan iya ba," wallahi da ya ce ba komai, ya nemi wani. Wannan halin nasa shi ne abin da ya bar mini, kuma shi ne yake ba ni kunya.

Na ji an aika littafin gida wurin ƙaninsa. In wannan rubutu ya isa gare shi, ina roƙonsa ya buɗe shafin ƙarshe ya soke lambobi ukun da ke ƙasa. Dabarar yayansa ba ta gaza ba, ba a dai kai ta ƙarshe ba ne. Rubutun hannun Ishaya ne, amma ƙaryar tawa ce.