Muryata A Kan Dutsen Andarai

Jama'a, wallahi abin ga a kaina ya faru, shekarun da Nasara sunka fara zama ƙasarmu. Tun da na ji ana cewa akwatin hoto na ɗauke kurwar yaro hankalina bai kwanta ba, ga ni da ɗiya guda, ta fari, ba ta daɗe da yaye ba.

Wani Bayarabe mai hoto ya zo kasuwar Jega, ya ɗauki maigidana ya kai mashi kaya bisa dutse wajen Andarai. Surukata Inna ta ce sai mun bi su mun sha kallo. Munka hau da yarinyar muna haki muna dariya, Inna na ce mani, "Ke ɗiyar ga, da tsohuwa kike tsere?" Da munka kai sama, kai! Ga fadama kore shar, ga shanu ƙanana kamar tururuwa, maigida na nuna mana wajen Maiyama, har na mance da tsorona na rangaɗa guɗa.

Mai hoto ya tsayar da Inna da yarinyar, ya cusa kai cikin baƙin zane. Ni na ƙi shiga, na koma gefe na zauna. Sai munka ji an kira sunan yarinyar daga bakin gangare, kuma da muryata sak! Ta fizge hannu ta ruga can, da ƙyar ubanta ya cafko ta, ƙafa guda ta riga ta zame.

Ya juyo gare ni ya ce, "Kin haukace ne?"

Inna ta ce, "Rufe baki. Yaushe ka taɓa jin ta faɗi sunan ɗiyar fari?"

Gaskiya ne, kunya ba ta taɓa barina ba, ko nan ba zan rubuta shi ba. Munka sauko Inna na ta addu'a.

Da hoton ya fito, ga Inna, ga yarinya ta waiga, ga kuma hannun mace a kafaɗarta, da munduwa irin tawa. Ni kuwa ina can gefe. Yarinyar na nan lafiya, amma ko ni na kira ta sai ta dubi bakina kafin ta taso.

Don Allah in kun hau dutse da yara, ku yi sallama, kuma kada ku sake hannunsu ko muryar wa kunka ji.