Shekarar Da Shaho Ya Ƙi Zuwa Aiki

Mai Tsari ake ce masa a layinsu, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Mai gyaran firji ne, yana da ɗan shago a ƙasan benen da suke haya. Duk wanda ya zo tambayar firjinsa da ya daɗe a kwance ciki a buɗe, amsa ɗaya yake samu: "Kwantar da hankalinka, komai da tsari." Nama da yawa ya ruɓe a unguwar yana jiran wannan tsari.

Firji dai abin neman abinci ne. Ainihin aikinsa yana can saman bene, inda ya haɗa ɗakin tattabaru da ƙofofin tsofaffin firji da ragar waya. Tattabarun nan ba na miya ba ne, 'yan tsere ne, irin waɗanda ake zuba wa a kwando a kai su nesa a saki, wadda ta riga isowa gida maigidanta ya ci. Tun yana koyon aiki a shagon wani ya fara kiwonsu, ga shi yanzu furfura ta cinye masa gemu. A duk tsawon shekarun nan kofi ɗaya ya taɓa ci, na roba mai ruwan zinare, da ya zo na uku a tseren da mutum huɗu suka shiga. Kofin yana kan talabijin, kuma ba a yarda kowa ya goge shi ba sai shi.

Kowace shekara, idan lokacin haɗa maza da mata ya zo, sai ya kifa bokiti a gaban ɗakin tattabarun ya zauna yana tsara yawan 'ya'yan da za a ƙyanƙyashe. Wani mai kiwon zai duba yawan wurin kwana da yake da shi, ya tsaya a nan. Mai Tsari ya wuce wannan ƙaramin tunani. Shi daga mutuwa yake farawa. Akwai waɗanda za su daki wayar lantarki, akwai sakarkarun da za su ɓace a fitar farko, sannan ga babban mai rabo, shaho. Wasu shahuna biyu, miji da mata, sun daɗe da zama a kan tsohon tankin ruwa na bayan tasha, kuma kowace shekara sai sun kwashi kusan kashi ɗaya cikin uku na 'ya'yansa. Kullum da safe yana zaginsu, yana jifansu da tsakuwar da ko rabin hanya ba ta kaiwa. Amma idan aka zo tsari, su ake fara cire wa nasu. Ɗakin yana ɗaukar arba'in, saboda haka sittin yake ƙyanƙyashewa, shaho da waya su daidaita masa sauran. Da haka ya rayu bai taɓa ɗaukar tsuntsu da hannunsa ya ce wannan ba na so ba.

A shekarar da ake magana, ya samo aron wani namiji mai asali daga wajen shugaban ƙungiyarsu ta masu tseren tattabaru, sai ya ƙara hannu. Kafin ya farga 'ya'ya sun cika ko'ina, har a cikin tsohuwar firiza. Nan idonsa ya faɗa kan ɗan ɗakin da ke ƙarshen matakala, mai taga tana kallon rufin bene. A ɗakin nan matarsa take ɗinki tun kafin a haifi autarsu.

Ya same ta tana datse zare da haƙori.

"Maman Auta, aro na zo."

"In almakashi ne, ban manta da wanda ka yanka waya da shi ba."

"Ɗaki ne. Na ɗan lokaci. Kafin damina ta faɗi shaho ya gama aikinsa, ki karɓi abinki."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Wato yanzu ɗakina yana hannun shaho ke nan."

"Yana hannun tsari."

"To, Allah ya ƙara wa shaho lafiya da nisan kwana."

Aka fito da keken ɗinki aka ajiye a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki. A nan take auna mata, hannu a ɗage, kuma duk sanda wani ya matsu sai a dakatar da awo, mai kaya ta manne da bango a wuce.

Ana cikin haka ƙanenta, wanda kowa ke kira Direba saboda babbar motar kaya da yake ja, ya hawo bene ya ce a ba shi 'yan ƙanana huɗu ya gwada kiwo. Lokacin ne daidai na kyauta, don ɗan tattabarar tsere sai kafin ya fara tashi ake ba da shi. Da zarar ya zaga sama ya gane rufin gidansu, ko ina aka kai shi nan zai dawo.

"Babu rara," in ji Mai Tsari.

"Yaya, ina ganinsu har kan injin wanki."

"Waɗancan na shaho ne."

"Au, shi ma ɗan gida ne? Ni da nake ɗaukar maka kwando kyauta ban kai shi matsayi ba?"

"Kai ba ka cikin tsari."

Ba a daɗe ba hukuma ta ce tsohon tankin nan ya tsufa, zai iya faɗowa kan mutane. Aka zo da manyan injuna aka sauke shi, shahunan suka yi ta shawagi suna kuka, daga nan ba a sake ganinsu ba. 'Yan ƙungiya suka yi ta murna. Mai Tsari da kansa ya saya wa kowa lemo, ya tsaya a tsakiya ya yi jawabi a kan ƙarshen azzalumi. Sai da aka kwana biyu, yana zuba hatsi wata safiya, ya ga gwangwanin ya ƙare rabin tsuntsayen ba su samu ba, sannan abin ya faɗo masa. Babu shaho, babu mai rage masa su.

'Ya'yan kuwa suka girma lafiya lau, abin takaici. Ko waya ba su daka ba. Ya kai su bayan gari ya saki, suka dawo. Ya ƙara nisa, suka riga shi isowa. Ya aika wa Direba shida a kwali da saƙon cewa ya sake tunani, washegari da hantsi ga su a kan taga suna gyaran gashi.

Damina ta faɗi. Warin kashin tattabara ya sauko matakala ya zauna a falo. Ƙananan gashi suka riƙa bin iska suna manne wa duk yadin da aka shimfiɗa. Ranar da wata malamar makaranta ta zo karɓar farar rigarta ta tarar da tambari kore a kafaɗa, ta naɗe sauran yadinta ta fita ko sallama babu, ranar Maman Auta ta rufe keke ta kira shi.

"Baban Auta, zauna. Ƙanwata ta ce in kawo keke shagonta na can ƙetaren gada. Akwai ɗaki a baya. Zan riƙa kwana can, in zo ƙarshen mako in ga ko kana da rai."

"Haba, wannan nisa? Ga cunkoson gada?"

"Ai ba kai za ka bi gadar ba."

"Ki ƙara mini haƙuri kaɗan. Akwai..."

"Ka ce tsari in tashi yanzu."

Bai ce ba. Ta ba shi zuwa Asabar.

Maganar cunkoso ya yi, amma abin da ke cinsa daban ne. Shekaru da yawa yana saman bene yana jin ƙarar kekenta tana hawowa ta matakala. In ta yi sauri ya san aiki ya yi mata yawa, in ta tsaya cak ya san ko abinci ya sauka ko ya yi laifi. Bai san yadda ake zama a gidan nan babu wannan ƙarar ba, kuma ya fi son a yanke masa harshe da ya faɗa mata haka.

Daga ranar maƙwabta suka fara ganin abin mamaki. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jifan sama, ga shi tsaye da tsakar rana, hannu a goshi, yana leƙen gajimare kamar mai jiran baƙo daga tafiya. Har raggwayen cikin tsuntsayen yake korowa waje su sha iska su kaɗai. Sau ɗaya wata inuwa ta gifta, ya zabura don murna. Ashe shirwa ce, ta sauka bayan shagon mahauci ta ɗauki hanji ta yi gaba.

Ran Alhamis ya sami Direba yana ɗaure tamfol.

"Gobe ina ka nufa?"

"Can kan iyaka. Sai yamma nake isa."

"Za ka tafi da yaran nan. Duka. In ka isa ka kwana, da safe ka sake su."

Direba ya saki igiya ya dubi sama, inda hadari ya haɗu baƙi ƙirin. "Yaya, waɗannan ko rabin wannan nisa ba su taɓa yi ba. Ga ruwa. Horo za a yi musu ko sallama?"

"Horo ne. Na ƙwararru. Ba za ka gane ba."

"Na gane mana. Aikin shaho ka ba ni, ba ko albashi."

Asabar da safe Mai Tsari ya hau bene ya kifa bokitinsa. Ya gaya wa kansa cewa in ashirin suka ɓace shi ke nan, ba shi ya zaɓa ba, hanya ce ta zaɓa. Yayyafi ya jiƙa masa riga bai sauka ba. Azahar ta wuce babu komai a sama. Wajen la'asar ya tuna da 'yar shuɗiyar nan mai cin hatsi a tafin hannunsa, ya tuna da mai ɗingishi da ya yi jinya a aljihun rigarsa. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi.

Sai ga wani ɗigo daga gabas, ga wani a bayansa, sai garke guda ya ɓullo ta ƙarƙashin hadari, a jiƙe, suna tafe ƙasa-ƙasa. Mai Tsari bai san sanda ya suri gwangwanin hatsi ba. Yana kaɗawa, yana fito, yana tsalle a cikin ruwa da silifa ɗaya, yana ihu, "Ku taho, 'ya'yana! Ku taho gida!" Har mutanen layi suka fito suna kallo. Kafin rana ta faɗi mai ɗingishin ma ya sauka a kan taga, ya shige ɗakin ɗinki kamar shi ke biyan haya.

Da ya juyo, Maman Auta tana tsaye a bakin matakala da tef ɗin awo a wuya.

"Nawa suka ɓace?"

Ya share fuska. "Ko ɗaya."

"Kai, barka. Sannu da ƙoƙari." Ta juya ta sauka.

Ya aika aka kira mai kaji na bakin kasuwa don ya sayar masa da rarar, ya ce ya jira a ƙasa. Ya ɗauki kwando ya shiga cikin tsuntsayen. Ya kama na farko, ya buɗe fiffikensa, ya ga ai wannan jikan wadda ta ci kofi ne, ya mayar. Ta biyu ita ta fara sauka ɗazu. Na uku ba shi da wani asali, ba shi da sauri, mummuna ne ma, amma ya keto ruwa tun daga kan iyaka don ya zo wannan rufin, yanzu a saka masa da wuƙa? Ya daɗe a ciki. Da ya sauko, mai kaji ya leƙa kwandon ya ga babu komai sai gashi biyu.

"Baba, ka taso ni daga kasuwa don in ga kwando? Ai ina da irinsa."

A ƙofar gida mai amalanke ya riga ya iso, shi da Direba suna saukowa da keken ɗinki, Maman Auta tana biye da buhun yadi. Mai Tsari ya sha gaban amalanken ya tsaya. Kowa ya jira jawabi. Sai ya laluba aljihu, ya ciro makullin shagonsa ya miƙa mata.

"Na mene ne?"

"Ya fi ɗakin girma. Akwai fanka. Ga shi a bakin titi, masu wucewa za su gan ki."

"Firjin mutane fa?"

"Firji ba ya jin sanyi."

Ta juya makullin a hannunta, ta dube shi tun daga jiƙaƙƙiyar hularsa har ƙafar da babu silifa. "Direba, ku fito da tarkacen nan waje. A wanke ƙasan da omo kafin a shigar mini da keke."

Yanzu duk wanda ya bi layin zai gan shi a bakin titi ƙarƙashin wata babbar lema, firji shida sun kewaye shi, yana gyara da rana a ƙeya, ƙarar keke tana fitowa ta ƙofar da ke bayansa. Shagon an yi masa fenti ruwan hoda. Matan da ke zuwa ɗinki yawancinsu sababbi ne, ba su san tarihi ba, sun ɗauka maigadi ne. Ran nan wata ta sauko daga mota ta miƙa masa jakarta ya riƙe mata, ta shiga, ta sake leƙowa.

"Baba, Madam ta ce ka matsar da wannan firjin, yana tare mata allon shago."

Mai Tsari ya ajiye sukundireba, ya rataya jakar a kafaɗa, ya sa ƙirji ya tura firjin gefe.