Rana1 da Rana2

Shekara uku na yi ina shigar da bayanan rigakafin yara a kwamfuta, a wani ƙaramin asibiti a yankin Kebbe. Wani ɗan kwangila daga birni ne ya tsara mana rumbun bayanan. Sau ɗaya na gan shi. Ya koya mana cikin awa biyu, ya tafi kafin la'asar saboda munin hanya.

Kowane yaro yana da layinsa, kowane layi da gurabensa. Sunayen da ya sa wa guraben ne har yau ke ƙona mini rai: suna1, suna2, rana1, rana2. Shi ke nan. Ni na ɗauka rana1 ranar haihuwa ce, rana2 ranar allura. Takwarata da ke Tambuwal, mai shigar da nata cikin wannan rumbun, ta ɗauka akasin haka, domin a katinsu ranar allura ce a sama.

Wata Laraba wata Bafulatana ta zo daga ruga a kan babur, da ɗiyarta goye cikin mayafi. A Tambuwal aka yi wa yarinyar allurar farko, katin kuma ya ɓace. Na buga sunanta, kwamfuta ta ce satinta huɗu a duniya, lokacin allura bai yi ba.

"Ki dawo bayan sati biyu," na ce.

"Malama, hanya da nisa," in ji ta. "Sati fuɗu anka ce mu dawo."

Ban ko ɗaga mayafin ba. Sai da ta tafi ungozomarmu ta ce ta ga yarinyar a baranda zaune da kanta, tana wasa da murfin kwano.

Na kira ɗan kwangilar a waya.

"Wace ce ranar haihuwa?"

Ya yi dariya. "Hajiya, ai suna ne kawai. Kowa ya sa yadda ya gane."

"Ka rubuta ranar_haihuwa mana! Ka rubuta ranar_allura! Hannunka zai karye?"

Ya ce canza suna zai dagula masa tsari, ya kashe waya.

Ni da takwarata muka rubuta ma'anar kowane gurbi a takarda, muka manna a gefen allon kwamfuta, muka bi katunan ɗaya bayan ɗaya har wata biyu muna gyara. Na aiki mai babur rugar. Ya dawo ya ce sun tashi da shanunsu, ba wanda ya san inda suka nufa.