Melvina Pardy, Mai Tsaron Ragar Marden Cove (1946–2023)

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayiya Melvina Pardy ranar 9 ga watan Fabrairu na shekarar 1946 a garin Marden Cove da ke gaɓar kudu ta tsibirin Newfoundland, a ƙasar Kanada. Mahaifinta Eli Keeping masunci ne ɗan masunci, mahaifiyarta kuwa, Drusilla Keeping, ta yi suna a garin wajen shanyar kifi da saƙar safar hannu. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma mace ta farko a gidan.

Tun tana 'yar shekara bakwai yayyenta maza uku suka fara tafiya da ita tafkin bayan coci idan hunturu ya kama ruwa ya daskare. Ba don su koya mata wasan hoki na kan ƙanƙara suke jan ta ba, sai don babu wanda ya yarda ya tsaya a raga a riƙa jifarsa da faifai, wato ɗan faifan roba mai tauri da ake bugawa da sanda a madadin ƙwallo. Takalman ƙanƙarar da ke gidan, masu ƙarfen sulɓi a ƙasa, na maza ne, saboda haka da takalman roba take tsayawa tsakanin duwatsu biyu, an ɗaure mata tsofaffin mujallu a ƙwauri. Shekara shida tana wannan tsayuwa, har ta kai samarin garin na rigima a kan ɓangaren da za ta tsare wa. A hunturun 1959 faifai ya fasa mata leɓe, ta koma gida jini ya ɓata mata riga, mahaifiyarta ta yanke hukuncin cewa ta girma, tafki ya haramta gare ta. Daga wannan rana ba ta sake riƙe sandar hoki ba sai bayan shekara talatin da biyar.

Karatu da Aiki

Ta shiga makarantar cocin Angilika ta garin a shekarar 1952, inda malama ɗaya ke koyar da azuzuwa huɗu a ɗaki guda. Ta yi fice a lissafi, amma a shekarar 1961 rashin lafiyar mahaifiyarta ya tilasta mata barin karatu domin kula da ƙannenta. A shekarar 1963 ta kama aiki a masana'antar sarrafa kifi ta garin, a layin mata masu feɗe kifi da cire ƙaya, aikin da ake yi a tsaye da wuƙa, hannu cikin ruwan sanyi, daga safiya zuwa la'asar. Saboda saurin hannunta da iya mu'amala da jama'a, a shekarar 1978 aka naɗa ta shugabar layin, mata arba'in suna ƙarƙashinta. Ta shekara ashirin da tara a wannan masana'anta.

Aure da 'Ya'ya

Ranar 14 ga watan Oktoba, 1967, aka ɗaura aurenta da Garland Pardy, ma'aikacin jirgin kamun kifi, mutum mai ƙarancin magana. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu: Rodney a 1968, Joanne a 1970, Dwight a 1973, sai auta Charmaine a 1978.

A shekarar 1976 garin ya gina zauren ƙanƙara mai rufi domin wasan hoki, wanda ya zama matattarar jama'a a duk tsawon hunturu. Maza da samari ke wasa, iyaye mata kuma, ciki har da Melvina, suna sayar da shayi da soyayyen dankali a bakin ƙofa. A shekarar 1981 'yarta Joanne, tana da shekara goma sha ɗaya, ta nemi a rubuta sunanta cikin 'yan wasa, masu kula da zauren suka ƙi bisa hujjar cewa babu ɗakin sauya kaya na mata. Melvina tana tsaye aka faɗi haka, ba ta ce uffan ba. Daga bisani ta sha faɗa cewa wannan shiru shi ne abin da ya fi damunta a rayuwarta.

Rufe Masana'anta da Batun Zaure

A watan Yuli na shekarar 1992 gwamnati ta dakatar da kamun kifin kod, wanda garin ya dogara da shi, kafin ƙarshen shekarar kuma masana'antar Marden Cove ta rufe. Cikin shekara biyu kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin suka yi ƙaura, akasarin magidanta suka tafi neman aiki lardin Alberta da ke yammacin ƙasar, ƙungiyoyin hoki shida na maza suka koma guda ɗaya. A ƙarshen watan Oktoba na 1994 majalisar garin ta kira taro a ɗakin taro na coci domin sanar da ƙudurinta na rufe zauren, tun da babu masu amfani da shi. Shugaban majalisar, Cyril Bungay, abokin karatun Melvina ne tun aji ɗaya. Da ya gama bayani ta miƙe ta ce ba ta amince ba.

Ya ce, “To wa zai yi wasan, Melvina? Mazan duk suna Alberta.”

Ta ce, “Mu da muka rage gawawwaki ne, Cyril?”

Ya ce, “Haba 'yar gari! Rabonki da ƙanƙara fa tun ina da gashi a kaina.”

Da dariya ta lafa ta ce, “Gashinka ba zai dawo ba, amma ni zan dawo. Ka ba ni wata guda.”

Bayan doguwar muhawara majalisa ta gindaya sharaɗi: idan ranar 30 ga watan Nuwamba da ƙarfe huɗu na yamma aka ga mata talatin a kan ƙanƙara da cikakkun kayan wasa, za a bar zauren a buɗe, idan ba su cika ba, a ranar za a sa masa kwaɗo.

A wannan makon ne mijinta Garland ya sami aiki da gidan zama a Alberta, ya kuma buƙaci su tattara su tafi gaba ɗaya. Ranar Lahadi, suna cin naman gishiri da kabeji bayan an taso daga coci, ya ce, “Uwargida, shekarunki arba'in da takwas. Garin nan ya gama yayinsa, me za ki tsaya yi?”

Ta ce, “A gaban mutum ɗari biyu na yi magana, Gar. Ka je ka nemo mana, ni ina nan sai ƙanƙara ta narke.”

Bai sake tayar da maganar ba. Kwana biyu kafin tafiyarsa ya zauna a rumfar bayan gida ya wasa ƙarafan takalman ƙanƙara ƙafa ashirin da ta tattaro daga gidajen mutane.

Kafa Ƙungiyar Masu Wuƙa

Gida-gida Melvina ta bi tsofaffin matan layinta, waɗanda suka shekara biyu a zaune babu aiki. Wasu suka ce sun tsufa, wasu suka ce mazansu za su yi musu dariya ta waya. Ta ce da su kayan mazan da na 'ya'yansu suna nan jibge a ɗakunan ajiya, kuma macen da ta tsaya shekara ashirin a kan jiƙaƙƙen siminti da wuƙa a hannu ba ƙanƙara ce za ta ba ta tsoro ba. Duk da haka, da ranar wa'adi ta zo, mata ashirin da tara ne suka hau ƙanƙara, mafi yawansu suna dafe da kujeru don kada su faɗi. Cyril Bungay yana tsaye a bakin fili da takarda, ya ƙidaya sau biyu, ya duba agogo. Saura minti biyar ƙarfe huɗu ta cika sai ga matarsa Effie Bungay, mai shekara hamsin da biyar, ta fito daga ɗakin sauya kaya cikin rigar wasansa da hular kwanonsa, tana dafa bango.

Ya ce, “Effie! Ina za ki da takalmana?”

Ta ce, “Inda ka kasa kai su shekara goma. Rubuta, maigida: talatin.”

Ya rubuta, zauren ya tsira. Matan suka sa wa ƙungiyarsu suna Masu Wuƙa, suka zaɓi Joanne ta zama mai horarwa, domin ita ce ta san dokokin wasan tun daga kallon 'yan'uwanta maza, Melvina kuma ta koma raga. A watan Fabrairu na 1995 suka buga wasansu na farko da ƙungiyar malaman makaranta da ma'aikatan jinya na garin da ke maƙwabtaka da su, aka ci su goma sha huɗu da nema. Sai dai an buga wa Melvina faifai sau sittin da ɗaya, ta tare arba'in da bakwai, kuma mutum ɗari uku ne suka zo kallo, adadin da zauren bai gani ba tun kafin rufe masana'anta. Da bazara ta shigo ta rubuta wa mijinta cewa ba za ta ƙaura ba, ya ci gaba da zuwa gida duk bayan mako shida har tsawon shekara tara.

Shigar da 'Yan Mata

A shekarar 1996 ta buɗe atisayen safiyar Asabar domin 'yan mata daga shekara biyar zuwa sama, da yara goma sha biyu. Ta kafa dokoki biyu da ba ta taɓa sassautawa ba: ba a mayar da yarinya gida saboda rashin kayan wasa, kuma duk wadda ta zo sai ta buga daidai da kowa, ko ta iya ko ba ta iya ba. A shekarar 1998 magidantan da suka zo hutun Kirsimeti suka haɗu suka gina ɗakin sauya kaya na mata cikin kwana tara. Zuwa shekarar 2001 'yan matan sun haura saba'in, ana kawo wasu a motar makaranta daga ƙauyuka huɗu, iyaye mata da yawa kuma da suka kawo 'ya'yansu sun ƙare da ɗaure takalma su ma.

Nasarar Gander

A watan Maris na shekarar 2004 Masu Wuƙa suka halarci gasar nishaɗi ta mata 'yan sama da shekara arba'in a garin Gander, tare da ƙungiyoyi goma sha ɗaya. Babu wanda ya sa su a lissafi, amma suka kai wasan ƙarshe, inda suka haɗu da wata ƙungiya daga babban birni St. John's wadda wasu 'yan wasanta suka taɓa bugawa a jami'a. Aka tashi biyu da biyu, aka koma bugun daga kai sai mai tsaron gida. Masu Wuƙa suka jefa ɗaya cikin uku, Melvina ta tare biyun farko na abokan karawa. Mai bugu ta ƙarshe, kyaftin ɗinsu, ta gifta ta gaban raga ta ce, “Kaka, ki yi a hankali, kar ki ji ciwo.”

Melvina, wadda ke da shekara hamsin da takwas a lokacin, ta ce, “Taho dai 'yar nan, mu ga abin da aka koya miki a birni.”

Matar ta taho a guje, ta yi kamar za ta bi dama ta karkata hagu, Melvina ta zube ta miƙe ƙafa, faifan ya bugi ƙwaurinta ya yi waje. Garland, wanda ya yi ritaya ya dawo gida watanni kaɗan kafin nan, yana cikin 'yan kallo, kuma waɗanda ke kusa da shi sun shaida cewa ranar ce suka fara jin ya ɗaga murya. Da ayarin ya iso Marden Cove washegari da rana, motoci sama da sittin suka tarye su a mararraba, aka kaɗa ƙararrawar coci, Cyril Bungay da kansa ya ɗauki kofin ya shiga da shi zauren.

Shekarun Ƙarshe

Garland Pardy ya rasu a watan Mayu na 2011 bayan gajeruwar jinya. A shekarar 2014 aka yi wa Melvina aiki a gwiwa, likita ya ba ta shawarar ta haƙura da raga, ta huta hunturu ɗaya ta koma. Ta buga wasanta na ƙarshe a watan Maris na 2017 tana da shekara saba'in da ɗaya. Daga nan ta koma zama a benci kowace Asabar, tana ɗaure wa ƙananan yara igiyar takalmi, tana yi wa masu tsaron raga faɗa idan suka rufe ido. Da aka yi bikin cikar ƙungiyar shekara ashirin da biyar a 2019, an tabbatar da cewa mata da 'yan mata fiye da ɗari shida ne suka koyi wasan a wannan zaure, kuma ƙungiyoyin mata biyar ne ke bugawa a cikinsa.

Rasuwa da Jana'iza

Melvina Pardy ta rasu ranar Talata, 17 ga watan Janairu, 2023, sakamakon ciwon zuciya, tana da shekara saba'in da shida. Kwana biyu kafin rasuwarta ta yi wa autarta Charmaine wasiyya a asibiti, ta ce, “Idan jana'izata ta faɗo Asabar, kada ku kuskura ku soke atisayen yara. Ku bari su gama tukuna, ni ba inda za ni.” Ta kuwa faɗo Asabar. Aka yi atisaye da safe kamar kullum, aka yi addu'ar jana'iza da ƙarfe biyu na rana a cocin Angilika, mata da 'yan mata ɗari da arba'in cikin rigunan wasa suka jeru gefe biyu na hanya daga ƙofar coci har maƙabarta, sanduna a ɗage, aka wuce da akwatin ta tsakaninsu. An binne ta kusa da mijinta. Allah ya ba ta madawwamin hutu.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Rodney Pardy, makanikin manyan motoci a Alberta, Joanne Fudge, mai kula da zauren ƙanƙara na Marden Cove, Dwight Pardy, ma'aikacin jirgin fito, da Charmaine Hillier, malamar makaranta. Ta kuma bar jikoki goma sha ɗaya, bakwai daga cikinsu mata, dukkansu 'yan wasa, uku masu tsaron raga.